Inna Ba Ta Ci A Gabana

Kurugu, Karaye
Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Halliru da yara, da Hajiya surukarki. Yaya Falgore, yaya aikin kaka? Allah ya sa a kwashe lafiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Ke a garinku sai an hau tudu ake samun sabis, ni kuma duk inda na tsaya a gidan nan Inna tana jina. Harshenta ne ya yi nauyi, kunnenta yana nan garau. Maganar da zan yi miki ba wadda zan so ta ji ba ce, shi ya sa na ba Jibo direba ya miƙa miki ranar kasuwa.

Mun koma Kano wajen likita. Abin da ya faɗa bara shi ya maimaita, ciwon jijiyoyi ne, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Ya fara da hannu, ya sauka ƙafa, yanzu ya iso maƙogwaro. Ya ce naman da ke tura abinci ciki ne yake mutuwa a hankali, shi ya sa ruwa ke sarƙe ta, loma ke tsaya mata a wuya. Ya hana ruwa zalla, ya hana duk abin da ke warwatsewa a baki irin dambu da ƙuli-ƙuli. Amma abin da ya fi ja mini kunne a kai shi ne kada ta ƙara cin komai ita kaɗai. Ko cokali ɗaya ne sai da mutum a kusa yana lura da ita, domin in abu ya toshe mata hanyar numfashi ba za ta iya kiran kowa ba. Ya kuma ce in ta ci gaba da ramewa haka, sai an zura mata roba ta hanci a riƙa ɗura mata abinci. Da ta ji wannan ta yi ta girgiza kai har ɗankwalinta ya zame.

Duk watannin nan matata Zakiyya ce ke zama da ita, kuma ban san da wane baki zan gode mata ba. To amma cikinta ya tsufa, ga shi haihuwar fari ce. Iyayenta sun aiko daga Rogo, jibi za su zo su tafi da ita, ba za ta dawo ba sai ta yi arba'in. Ba ni da bakin hanawa.

Kin ga ya rage daga ni sai Inna. Kin kuma san abin da ke tsakanina da ita. Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai “wancan” ko “yaron nan”, ga shi har furfura ta fara leƙo mini a gemu. Ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. In na yi sallama tana cin abinci, sai ta rufe kwanon da faifai ta kama gyaran zane. Jiya na gwada. Na karɓi kunun daga hannun Zakiyya na zauna a gabanta da cokali. Ta kafa ido a bango ta datse baki, har kunun ya huce ya yi yana a sama.

Ki roƙa mini Malam Halliru ya ba ki izini ki zo, ko da rabin kwanakin ne. Na gaji, Murja, tun ba a fara ba.

Ki gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.

Yayanki,
Uwais

*

Falgore, Rogo
Ranar Alhamis

Yaya Uwais,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, a bakin murhu na karanta ta har tuwona ya kama. Muna lafiya, sai godiyar Allah. Yaya jikin Inna? Allah ya ba ta sauƙi, ya sa kaffara ne.

Yaya, da da hali da ka ganni kafin ka ga takardar nan. Amma ka san gidan da nake. Hajiya ba ta gani, ko buta sai na damƙa mata a hannu, kuma babu wata mace a gidan sai ni. An ciro gyaɗa tana shanye a gona, in ba a tsinke ba ruwan ƙarshe ya sauka a kanta, wahalar damina ta tashi a banza. Ga 'yan biyu da zazzaɓi, in wannan ya tashi wancan ya kwanta. Na yi wa Malam Halliru maganar. Bai ce a'a ba, bai kuma ce in tafi ba, ni kuwa na san ma'anar hakan.

Amma bari in faɗa maka gaskiya ko za ka ji haushi. Kai da likitanka kun takura wa baiwar Allah. Kada ta sha ruwa, kada ta ci dambu, kada ta taɓa goro. To me ya rage mata a duniya? Matar da duk Kurugu aka san damun furarta, yau a ce kunu da safe kunu da yamma. Dole ta datse baki, ni ma da datsewa zan yi. Kuma ka daina zama a gabanta kana zare mata ido kamar kana tsare 'yan ajinka ranar jarrabawa. Kunyar da ta riƙe tun kafin a haife ni ba za ta sake ta don wani ya rubuta a katin asibiti ba. Mace za ka nema. Ga Sadiƙa nan maƙwabciyarku, duk haihuwar da ta yi Inna ce ta tsaya a kanta, yanzu lokacin ramawa ne.

Na ba Jibo fura ya kawo, ta sabon gero, na sa citta da kanumfari yadda take so. Akwai kuma rubutu a jarka, Malam Mu'az ne ya yi mata, ta riƙa sha safe da yamma. Kada ka ce mini likita ya hana, ba shi ya halicce ta ba.

Ka ce da Inna autarta tana gaishe ta da jiki. Kai ma ka riƙa cin abinci, Jibo ya ce wuyanka ya ƙara tsawo.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Murja

*

Sabon Garin Rogo
Ranar Litinin

Zuwa ga maigidana,

Salamu alaikum, Malam. Ina gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya, da fatan jikin Inna da sauƙi. Na san yayana Suhaibu ya kira ka ya yi maka albishir. Ni kam waya ba ta hannuna, Goggo ta ƙwace ta ce mai jego ba ta kallon haske, idona zai mutu. Biro ta manta da shi. Mun sauka lafiya ni da 'yarka. Goshinka ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

Ina nan ana gasa ni da ruwan zafi ana ɗura mini kunun kanwa, amma hankalina yana Kurugu. Jibo ya ce Murja ta aiko da fura da rubutu. Rubutun kada ka mayar mata, za ta ji zafi, kada kuma ka ba Inna a kofi. Ka dama kunun da shi. In ya yi kaurin da zai kama bayan cokali ba ya saurin ɗiga, to ya yi. Albarkar ba za ta gudu don an zuba gari ba. Furar kuwa ka ba maƙwabta. Ko an dama ta sai an sami gudaji, kuma ka tuna nas ɗin nan ta ce gudaji cikin ruwa ya fi komai haɗari, ruwan ya wuce da gudu ya bar gudajin a hanya.

Ka gaya wa Sadiƙa yadda nake yi, ka faɗa mata a hankali don kada ta ga kamar ana koya mata aiki. A zaunar da Inna sosai a tokare bayanta da matasai, ba a kishingiɗe ba. Ta sunkuyar da haɓa wajen ƙirji kafin ta haɗiye. Da ƙaramin cokalin nan mai lanƙwasasshen hannu, shi ma rabi. Kada a ƙara sai an ga maƙogwaronta ya hau ya sauka. Kada a ja ta da hira tana ci, ka san Sadiƙa da labari. In muryarta ta koma irin ta mai kurkure baki a dakata, akwai saura a wuya. In an gama a goge mata cikin baki, kuma kada ta kwanta sai abincin ya faɗa.

In ta ƙware tana tari, a ƙyale ta ta yi tarinta. Don Allah kada a ɗura mata ruwa, na san shi hannun kowa ke fara kaiwa. In kuwa ta yi shiru, ba tari ba sauti, to sai abin da aka nuna mana a asibiti. A sunkuyar da ita gaba a bugi tsakanin kafaɗunta da ƙarfi, in bai fito ba a rungumo ta ta baya a danna saman cibiya a ja sama. Na rubuta maka ne don ranar da ake nuna mana, ƙasa kake kallo, ban tabbata ka gani ba.

Wani abu kuma. Jiya ina kallon yarinyar nan na manta kaina na sumbaci tafin ƙafarta. Goggo ta mintsine ni a cinya a gaban mata, ta ce ba ni da ta ido, wa ya taɓa ganin uwa na wasa da 'yar fari. Aka yi ta mini dariya. Yau da 'yan barka suka cika ɗaki ta fara kuka, na kau da kai kamar ban ji ba, nono kuwa sai tsiyaya yake har ya jiƙa mini riga. Sai Inna ta faɗo mini a rai. Ni wasa-wasa ake yi mini. Ita a zamaninta ba da wasa aka yi mata ba.

Sai ka zo suna. Ka gaida Inna, ka ce mata ƙawarta ta iso. Ka kuma daina barin tukunyar kunu ta kwana ba wanki, na san halinka.

Allah ya ƙara maka haƙuri.

Matarka,
Zakiyya

*

Kurugu, Karaye
Ranar Juma'a

Murja,

Assalamu alaikum. Ina fatan 'yan biyu sun ji sauƙi, an kuma kwashe gyaɗa lafiya. Ki gaida Malam Halliru da Hajiya. An yi suna, yarinya ta ci sunan Inna, Maijidda, muna kiranta Ummi. Na je Rogo da sassafe na dawo kafin azahar, ko nama ban tsaya ci ba.

Na daɗe ban rubuto ba, ban sami zama ba ne. Na bi shawararki na nemi Sadiƙa, ta kuma yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata. Amma ranar da Inna ta ƙware a hannunta sai ta ruɗe, ta ɗauko moɗa ta kafa mata a baki. Ruwan ya bi ta inda bai kamata ba, Inna ta yi kwanaki da zazzaɓi da tari har sai da aka yi mata allurai. Da na yi wa Sadiƙa magana, a hankali ma na yi, sai ta ce ita ba za ta ɗauki alhakin rai ba. Wanka da kai ta bayan gida tana yi har yanzu, tana kuma aiko mini da tuwo, amma ta ce abincin Inna a cire ta a ciki. Ban ga laifinta ba.

Na roƙi hedimasta ya rage mini darussa. Na koyi damun kunu, yanzu ba ya yi mini gudaji. In dama, in kai mata, ta juya wa bango fuska. Na roƙe ta. Na ce likita ne ya ce. Na ce Allah bai ɗora mata wannan ba. Na kira Liman ya yi mata nasiha, ta saurare shi da ladabi har ya gama, yana fita ta datse baki. Zoben azurfarta ya fara zamewa daga yatsa, da zare na ɗaure shi.

Da na ga yunwa za ta kashe ta ina kallo, sai na yi abin da aka hana. In ajiye kwanon kusa da hannunta mai ɗan motsi, in fita in tsaya bayan labule ina saurare. Rabi ya shiga ciki, rabi ya zube a zane. Duk cokalin da na ji ya taɓa kwano sai in ƙara kasa kunne.

Shekaranjiya Jibo ya kawo saƙonki na biyu ina makaranta. Ya ce ke kika ce ya damƙa wa Inna hannu da hannu don kada in hana. Da aka fita hutun tara na leƙo gida kamar yadda na saba. Na yi sallama ba a amsa ba, wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya tsayar da ni, na ji ƙafa tana shurin kwano, kuma ba tari. Na ɗaga labule. Idonta ya firfito, leɓenta ya yi baƙi, hannunta a wuya, ga curin fura a gutsure a kan cinyarta.

Ban san lokacin da na kama ta ba. Na sunkuyar da ita na doki bayanta. Murja, bayan mahaifiyata na doka, da tafin hannuna, da iya ƙarfina. Bai fito ba. Na rungumo ta ta baya na dunƙule hannu a saman cibiyarta na danna na ja sama, na sake, na sake, sai gutsuren ya faɗo kan tabarma. Ta ja numfashi da wani irin sauti da ba na fatan in ƙara ji. Tun da Kaka ta ɗauke ni ranar yaye ban taɓa jikin Inna ba sai ranar. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Kin san abin da ta fara yi da numfashi ya dawo? Mayafi ta laluba ta rufe fuska.

Na kai ta asibiti an duba, ba abin da ya karye. Sun auna ta suka ce maganar roba ta matso, in ba a ga canji ba kafin komawarmu Kano ba makawa. Ita kuwa kin san abin da ta ce a kan robar.

Ba zan ce miki komai a kan furar ba, kin riga kin ji. Abin da ke cina daban ne. Na zauna a zaure na yi ta juya abin, matar nan ta gwammace ta mutu da ta buɗe baki a gabana. Kowa cewa yake kunya ce. Ni na fara tunanin ko ba kunyar ba ce, ko tun can ba ta ɗauke ni ɗa ba. Ɗan Kaka ne ni, baƙon da ya gaji gida. Ku ta goya ku, ta yi muku wasa, ta zage ku da sunanku. Ni ko zagin ban samu ba. Ban san me na yi mata ba, kuma na gaji da dama kunun da awaki za su sha.

Kada ki ƙara aiko da komai.

Wassalam.

Uwais

*

Falgore, Rogo
Ranar Talata

Yayana,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da ɗawainiya. Yaya jikin Inna?

Na karanta takardarka na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na bar Hajiya tana ta kira. Furar ni na aiko, ni na ce a ɓoye maka. Na zaci kwaɗayi nake kashe mata. Ka yafe mini, ba zan ƙara ba, kuma ba ni da abin da zan ce bayan wannan.

Amma maganarka ta ƙarshe ba zan bar ka da ita ba. Kai malami ne, sai dai wani lokacin kanka ba ya ja.

Ka tuna zanan da ya raba madafa da inda kuke cin abinci kai da Baba, Allah ya jiƙansa, inda har yau kake zama ka ci? Ka tuna akwai wata 'yar ɓaraka a jikinsa, daidai idon mutum in yana zaune a kujera 'yar tsuguno? Baba ya sha faɗa a kai, ya ce awaki ne. Duk shekara a sake zana, duk shekara ɓarakar ta dawo a wurin. Ba awaki ba ne, Inna ce ke buɗa ta da yatsa. In ka zo daga gidan Kaka, daga baya kuma in ka dawo hutun makaranta, nan take zama. Ba ta taɓa nata abincin sai ta ga ka siɗe kwano. Ni ce mai kai maka, in na dawo sai ta ce, “Wancan ya ci?” Alhali ta gani da idonta. In na ce ka rage, ranar ba mu da zaman lafiya a gidan. Miyar ce ba ta yi ba, itacen ne ɗanye, ni ce na tsaya wasa a hanya tuwon ya huce. Tsokar da kake tsinta a ƙasan tuwo kana zaton sa'a ce, rabonta ne. Muna gani muna haɗiyar yawu, har haushinka nake ji.

Ba wanda ya gaya maka don ba abin faɗa ba ne. Ni ma yanzu da nake rubutawa ji nake kamar na cire mata ɗankwali a tsakiyar kasuwa. In ta san na faɗa ba za ta ƙara kallona ba, don haka ka riƙe a cikinka.

Ita ta san yadda ake ciyar da mutum ba a haɗa ido ba, shekara da shekaru tana yi maka. Kai ne ka nace sai ka zauna a gabanta. Yadda za ka yi ban sani ba, kai ke tare da ita.

An gama gyaɗa, ruwa bai taɓa ta ba. Malam Halliru da ya ga ban ci abinci ba ya tambaye ni, na karanta masa takardarka. Ya ce in an yanke dawa ƙanwarsa za ta zo ta zauna da Hajiya, ni kuma in taho. Ka riƙe mini ita zuwa lokacin, Yaya.

Allah ya ba ka lada, ya ba ka mai yi maka.

Ƙanwarka,
Murja

*

Kurugu, Karaye
Ranar Asabar

Murja,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ki da mutanen gida. Maganar fura ta wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. A gurguje nake rubutu, Jibo yana waje ya ƙi kashe mota.

Da takardarki ta zo na je na duba zanan. Bara aka sake shi, lokacin hannunta ya riga ya fara mutuwa. Ɓarakar tana nan.

Washegari na dama kunu, na cire matasan da ke bayanta na zauna a wurinsu. Bayanta a ƙirjina, fuskarta tana kallon ƙofa. Ba ta ganina, ni ma ba na ganin bakinta. Na zagayo da cokali ta gefe, na ɗora yatsu a maƙogwaronta yadda zan ji in ta haɗiye. Muka daɗe a haka ba wanda ya motsa. Hannuna ya sage, har na fara tunanin yau ma rabon awaki ne. Sai na ji cokalin ya rage nauyi.

Haka muke yi yanzu. Ba ta cinyewa, kamar rabi take sha, wani lokacin ta ƙware ta yi tari ya wuce. Ban sani ba ko wannan zai isa likita ya janye maganar roba, ciwon kuma yana nan yana tafiyarsa. Bayana ya riƙe, jiya a tsaye na yi gyangyaɗi a gaban allo yara suna dariya. Ki zo da wuri in an yanke dawar.

Yau da muka gama ina goge mata baki a lalube, Sadiƙa ta leƙo yin sannu. Inna ta yi ta kokawa da harshe, da ƙyar muka gane. Tana jingine a ƙirjina ta ce da Sadiƙa, “Wancan ya ci?”

Ban ci ba. Na mayar mata da matasanta, na ɗauko tuwona na zauna a tsakar gida daidai ƙofarta, na bar labulen a ɗage kaɗan. Tuwon ya huce, kuma ba na jin yunwa, amma sai da na siɗe kwanon.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Uwais